Kwafar Hotuna Da Takardu Daga Kwamfutar Ofis Zuwa Tabulet: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Aikin hakimi ba na zama wuri ɗaya ba ne. Yau yana majalisa, gobe yana rangadi, jibi an kira shi ya tsaya a bakin gona tsakanin mutum biyu masu jayayya a kan iyaka. A zamanin da, in zai fita, malaminsa ya kan ɗaure kundi da rijista cikin jaka ya bi shi da su. Yanzu kuwa, a ofisoshi da dama, abin da ke cikin jakar nan ya koma cikin kwamfuta: sunayen dagatai da masu unguwanni, da wasiƙun majalisar Sarki da na ƙaramar hukuma, da takardun sulhu, da shaidar cinikin gona, da hotunan rijiyoyi da makarantu da burtali. Kwamfutar ofis ba ta ɗaukuwa zuwa ƙauye, ga nauyi ga bukatar wuta. Sabo da haka a ke komawa ga tabulet, watau ƙaramar kwamfutar nan mai siffar allo wadda a ke sarrafa ta da yatsa. Ta bazu a duniya tun 2010, shekarar da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPad, kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu kuma ya fito da Galaxy Tab.

Amma fa tabulet ba ta san abin da ke cikin kwamfuta ba sai an zuba mata shi. Zubawar nan ba ta da wuya, malami mai natsuwa zai iya ta cikin yini guda. Duk da haka a wurin nan ne takardun gunduma su kan salwanta, ko kuwa a isa ƙauye mai nisa, jama'a sun taru, a buɗe tabulet a tarar babu abin da aka zo dominsa.

Asali da kofe

Abin da ya wajaba a fara riƙewa shi ne, abin da ke shiga tabulet kofe ne, asali kuwa ba ya barin ofis. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun yana yaro: a kan kwafo rubutu daga littafi zuwa allo, a karanta, a wanke, a sake wani, littafin kuwa yana nan inda ya ke. Kwamfuta ita ce littafin. Tabulet ita ce ke shiga mota da bayan babur, ita ce ke shan ƙura da ruwan sama, ita ce ke faɗuwa ta fashe, ita ce kuma ɓarawo ke iya sawa cikin riga. Ba a ba irin wannan abu ajiyar da ba ta da na biyu.

Inda a ke yin ɓarna shi ne wajen kalmomi biyu na Turanci da ke fitowa tare idan an danna fayil da maɓallin dama na maus, watau Copy da Cut. Ta farko tana kwafa ta bar asali a mazauninsa. Ta biyu tana ɗauke fayil ɗungurungum, da zarar an manna shi a tabulet da Paste sai kwamfuta ta share nata. Malamin da ya yi Cut ya kwashe takardun shekara guda zuwa tabulet ba zai ga wani aibu a ranar ba, komi zai buɗe lafiya lau. Sai ranar da tabulet ta ɓace sa'an nan za a gane gunduma ba ta da takardun nan ko kaɗan. Don haka doka ita ce Copy kullum. A kan maɓallan rubutu, Ctrl da C shi ne kwafa, Ctrl da V mannawa, Ctrl da X kuwa shi ne yankewa, ga shi X maƙwabcin C ne, yatsa na iya zamewa. Ya kamata hakimi ya riƙa tambaya kafin a fita, malami kuma ya iya amsawa da gaskiya cewa, "Ranka ya daɗe, kofe ne a nan, asalin yana ofis."

Shiri kafin a taɓa igiya

Sauri ya kan haifi nawa. Malami ya fara buɗe sabuwar folda a kwamfuta, ya ba ta sunan aikin da za a fita dominsa, ya kwafo cikinta abin da a ke bukata kaɗai. Ba daidai ba ne a juye dukan ofis cikin tabulet don za a je duba rijiya guda.

Sa'an nan a gyara sunaye. Kyamara ba ta san Hausa ba, ta kan sa wa hoto suna irin IMG_2041, wanda ba ya gaya wa kowa komi. A sake masa suna a fara da shekara, sai wata, sai rana, sai wuri da al'amari, alal misali 2024-03-15 iyakar gona gabas. Amfanin fara suna da shekara shi ne na'ura za ta jera fayiloli da kanta, tsoho a gaba sabo a baya. Windows ba ta karɓar waɗansu alamomi cikin sunan fayil, kamar karan nan da a kan raba kwanan wata da shi, da ɗigo biyu, da alamar tambaya, don haka a yi amfani da gajeren layi. Game da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, na'urorin yanzu suna karɓarsu, amma in wani malami ya rubuta Ƙofa da lanƙwasa, wani ya zo yana nema da K tsura, mai yiwuwa ne ba zai same ta ba. Ofis ya tsai da hanya ɗaya kowa ya bi.

Sai a duba nauyi. A na auna fayil da megabait, dubu daga cikinsu kuwa kusan gigabait ɗaya ke nan, wanda jama'a ke cewa giga. Wasiƙa ba ta da nauyin a zo a gani. Hoton wayar zamani ya kan kai megabait 3 zuwa 5, watau hoto 1,000 ya tasam ma giga 4. Bidiyo ne mai cin wuri ainun. Tabulet da aka rubuta giga 32 a kwalinta ba ta ba da 32 cif, domin manhajojin da suka zo da ita sun riga sun ci rabonsu. A duba sauran wurin da ke akwai a sashen saituna tukuna.

Akwai kuma batun irin fayil. Takardar da aka rubuta da Word ta kan sauya kama in an buɗe ta a tabulet, layi ya goce, sa hannu ya koma shafi na gaba, wani lokaci haruffa masu lanƙwasa su zama akwatuna in tabulet ba ta da irin rubutun da aka yi aiki da shi. Maganin wannan shi ne a mai da takarda PDF, tsarin da kamfanin Adobe ya fitar a 1993, wanda ke riƙe shafi yadda aka tsara shi a kowace na'ura. Duk takardar da za a nuna wa jama'a ba gyara ta za a yi ba, a kai ta a PDF. Hotuna kuwa JPEG shi ne wanda kowace na'ura ta sani. Tun 2017 wayoyin iPhone suna ɗaukar hoto da wani tsari mai suna HEIC, tsofaffin na'urori ba duka ke buɗe shi ba, sai an juya shi zuwa JPEG.

Hanyar igiya

Hanyar da ta fi dacewa da ofishin hakimi ita ce igiya, wadda waɗansu ke kira kebul. Ba ta bukatar sabis, ba ta cin data, ba ta rage kyan hoto, kuma takarda ba ta ratsa hannun kowa a tsakani. Bayanin nan na tabulet mai Android ne da kwamfuta mai Windows, gama su suka fi yawa a hannun mutane.

Bakin igiya iri uku ne. Akwai Micro-USB na tsofaffin na'urori, mai shiga ta fuska ɗaya kaɗai. Akwai USB-C da ya fito a 2014, mai shiga ta kowace fuska, shi ne a sababbi. Akwai Lightning na tsofaffin iPad. Kada a tura baki da ƙarfi in ya ƙi shiga. A lokacin hunturu ƙura ta kan cushe ramin, sai a fitar da ita a hankali da tsinken itace, ba da allura ba.

Malami ya tabbata tabulet tana da caji, ya soka igiya a kwamfuta da tabulet, sa'an nan ya buɗe makullin fuskar tabulet da lambar sirrinta. Wannan tilas ne, domin muddin fuskar tana kulle kwamfuta ba za ta ga komi a ciki ba. Daga nan ya jawo labulen sanarwa daga saman fuska da yatsa. Zai ga saƙo cewa na'urar tana caji ta USB. Ya danna shi ya zaɓi File transfer. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ce igiya ta lalace, alhali kuwa ba ta lalace ba. Tun 2015 aka tsara Android yadda in an soka igiya caji kaɗai za ta yi sai mai ita ya ba da izini, don kada kowace kwamfuta da aka soka mata ta leƙa cikinta. Tsaro ne, ba cuta ba.

Da an ba da izini, a buɗe This PC a kwamfuta, za a ga sunan tabulet tare da sauran ma'ajiyai. A shiga, za a tarar da foldodi. DCIM ita ce ta hotunan da tabulet ta ɗauka da kanta, gara a bar mata abinta don kada na ofis su cuɗe da su. Hotuna su tafi Pictures, takardu su tafi Documents. A koma ga foldar da aka shirya, a yi Copy, a dawo nan a yi Paste. Wani ɗan akwati zai fito yana nuna yadda aiki ke tafiya. Kada a zare igiya, kada a motsa tabulet, kada kuma a shiga wani aiki a cikinta sai akwatin nan ya ɓace da kansa. Fayil da aka katse a tsakiya ya kan bayyana da sunansa kamar lafiyayye, amma ba ya buɗewa. Hoto dubu ya kan ɗauki mintoci, ba sa'o'i ba. In kayan suna da yawa ƙwarai, gara a kai su kashi kashi, don in wuta ta ɗauke a san inda aka tsaya.

In an yi duk wannan kwamfuta ba ta ga tabulet ba, abin zargi na farko igiya ce. Akwai igiyoyi masu araha a kasuwa waɗanda wayoyin caji kaɗai ke cikinsu, babu na ɗaukar saƙo, a ido kuwa ba a rarrabe su da na ƙwarai. Araha ba ta ado. A nemi igiyar da ta zo cikin kwali, in ta samu a ɗaura mata alama a ajiye ta cikin aljihun tebur don wannan aiki kaɗai, kada ta zama ta cajin wayar kowa da kowa. In igiya ba ta da laifi, a gwada wani rami a kwamfuta, musamman na baya, in ya ƙi a kashe na'urorin biyu a sake kunnawa.

In tabulet ɗin iPad ce

iPad tana da nata hali. In an haɗa ta da kwamfuta mai Windows za ta tambaya ko an amince da wannan kwamfuta, sai a amsa a sa lambar sirri. Bayan haka kwamfuta za ta nuna hotunan da iPad ta ɗauka, a iya kwafo su waje, amma ba a iya manna komi a ciki ta wannan ƙofa. Malamin da ya saba da Android zai yi ta ƙoƙari a banza. Sai an sa manhajar Apple a kwamfuta, ko iTunes ko sabuwar da ta gaje ta mai suna Apple Devices, a nuna mata foldar hotuna ta daidaita ta da iPad. A lura, daidaitawa ba ɗaya ta ke da kwafa ba. Abin da aka cire daga foldar nan a kwamfuta zai fita daga iPad a haɗuwa ta gaba. Haka kuma in an kunna ajiyar hotuna ta iCloud, wannan hanya ba ta aiki. A kwamfutar Mac kuwa, tun 2019 Finder ce ke wannan aiki, ga kuma AirDrop mai aikawa ba igiya. Ga yawancin ofisoshi filash ya fi duk wannan sauƙi.

Filash da katin memori

Filash ɗan aike ne tsakanin na'urori biyu. A kwafa daga kwamfuta zuwa cikinsa, a cire, a soka a tabulet, a sake kwafa. Da ya ke bakinsa ya fi ramin tabulet girma, a kan nemi ɗan mahaɗi da a ke kira OTG, ko kuwa a sayi filash mai baki biyu. iPad ma tana karanta filash tun 2019 ta cikin manhajar Files, mai ramin USB-C kai tsaye, mai Lightning kuwa sai da mahaɗin Apple, wani lokaci har da ƙarin wuta. Yawancin tabulet masu Android suna da ramin katin memori, iPad ba ta da shi.

Kafin a zare filash daga kwamfuta a danna Eject, a jira ta ce an gama, domin ta kan riƙe sauran rubutu a hannu ko da ta nuna kamar ta ƙare. In wani babban bidiyo ya ƙi shiga alhali ga wuri, dalili shi ne tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4. Tsarin exFAT ba shi da wannan iyaka, amma sauya tsari yana share duk abin da ke ciki, sai a kwashe tukuna. Kalmar Format, in ta fito game da filash ko kati, ma'anarta shara ce. Wata tabulet, in an sa mata sabon kati, ta kan tambaya ko a haɗe shi da cikinta ko a bar shi na ɗauka. A zaɓi na ɗauka, gama in an haɗe shi za ta kulle shi yadda kwamfuta ba za ta iya karantawa ba.

Babban aibun filash shi ne yawo. Wanda aka kai shagon buga takardu ya shiga kwamfutar da filash ɗari suka shiga, ya kan dawo da cuta. Sananniya ita ce wadda ke ɓoye fayiloli ta bar gumakansu masu ɗan kibiya a gindi, duk wanda ya danna ɗaya ya sa wa kwamfutarsa. Ofis ya ajiye filash biyu masu launi dabam, ɗaya na fita, ɗaya ba ya ƙetare ƙofa.

Hanyoyin da ba igiya

Bluetooth yana yi, amma tafiyar hawainiya gare shi, ya isa wasiƙa ɗaya ko hoto biyu, ba na ɗari ba ne. Wadda ta fi shi ita ce Quick Share, da Google ya fara da sunan Nearby Share a 2020, ya kai ta Windows a 2023, aka sauya mata suna a 2024. A na sa ta a kwamfuta, a kunna Wi-Fi da Bluetooth a na'urorin biyu, a ajiye su kusa, a aika, a karɓa. Abin lura ɗaya ne, a karanta sunan na'urar da za a aika wa sau biyu, don kada takardar sulhu ta faɗa wayar wani da ke zaune a zaure.

Sai rumbun intanet, watau a ɗora fayil a ma'ajiyar wani kamfani daga kwamfuta, a sauko da shi a tabulet. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, waɗanda a ke rabawa da wasiƙun Gmail, iCloud da OneDrive kuwa giga 5 kowanne. Amfaninsa shi ne ko hakimi yana nesa malami na iya aika masa. Amma data a ke biya sau biyu, hawa da sauka, hoto dubun nan na giga 4 ya zama giga 8. Ga kuma tarko babba. Tabulet ta kan nuna sunan fayil da ɗan hotonsa alhali fayil ɗin yana can rumbu, bai sauko ba. A ofis inda akwai sabis zai buɗe, a ƙauyen da babu sabis sai ya ƙi. Tilas a sauko da shi, ko a zaɓi umurnin da ke ajiye shi don aiki ba intanet. Kuma in an share fayil daga rumbu ta tabulet, ya sharu ga duk na'urorin da ke haɗe, ko da ya ke Google Drive ya kan riƙe shi kwana 30 a kwandon shara. Imel kuma ta wasiƙa ce, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a saƙo guda.

WhatsApp da hoton shaida

Hanyar da kowa ya fi saurin kamawa ita ce WhatsApp, ita ce kuma mafi haɗari ga hoton da zai zama shaida. In an aika hoto a matsayin hoto, manhajar ta kan matse shi don ya yi sauƙin tafiya, mai megabait 4 ya koma ƙasa da ɗaya. Fuskar mutum za ta fito sarai, amma ƙananan rubutu na tsohuwar takardar gona, ko lambar hatimi, ko rubutun ajami da tawadarsa ta kode, sai su dushe in an faɗaɗa. Bayan wannan, cikin kowane hoto kyamara ta kan ɓoye ranar da aka ɗauka da sa'a, har da wurin in an kunna mata wannan. WhatsApp yana cire bayanin nan. A misalta an ɗauki hoton dutsen iyaka ranar da aka yi sulhu, bayan shekara uku wani ya ce ba nan dutsen ya ke ba. Hoton asali yana ɗauke da ranarsa, muddin agogon kyamara daidai ya ke. Wanda ya biyo ta WhatsApp hoton dutse ne kawai.

In babu makawa sai ta nan, a aika shi a matsayin takarda, watau a zaɓi Document maimakon hoto, zai isa yadda ya ke, tun 2022 ma har fayil mai giga 2 yana wucewa. Kuma a aika wa mutum ɗaya, ba zauren mutum hamsin ba.

Gani ya kori ji

Kwamfuta ta ce ta gama ba hujja ba ce. Malami ya danna foldar asali da maɓallin dama ya zaɓi Properties, zai ga yawan fayiloli da nauyinsu, ya rubuta. Ya duba na tabulet. In can 214 ne nan 211, uku sun maƙale, a nemo su. Sa'an nan ya zare igiya, ya kashe Wi-Fi da data, ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe a tabulet da hannunsa, ya faɗaɗa rubutu ya ga yana karantuwa. A yi wannan da yamma kafin ranar tafiya, ba da safe mota na jira a ƙofar gida ba. In an dawo daga rangadi kuma, sababbin hotunan da tabulet ta ɗauko a kwafe su zuwa kwamfuta a ranar, domin su kam asalinsu ne ke yawo.

Amanar jama'a

Takardun da ke cikin tabulet ɗin hakimi ba nasa ba ne, ba kuma na malami ba. Akwai sunayen mutane da lambobinsu, da rabon gado, da saɓanin miji da mata, da abin da aka faɗa a asirce. A Yunin 2023 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman don wannan, ta kuma ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su da yin aiki da su don abin da aka karɓe su dominsa kaɗai. Hakimai ba su bukatar doka ta koya musu riƙon asiri, amma na'ura ta sa tonuwarsa ta yi sauƙi fiye da zamanin kundi.

Don haka tabulet ta kasance da lambar sirri wadda ba 1234 ba, ba kuma shekarar haihuwar mai ita ba. Kada a ba yara su yi wasa da ita da dare. In an yi amfani da rumbun intanet, a buɗe asusu na ofis, kada a yi da na malami, domin malami ya kan sami canjin wurin aiki, ya tafi da asusunsa da duk abin da ke ciki ba da nufin cuta ba. Google da Apple duka suna da hanyar share na'ura daga nesa in ta ɓace, amma sai an kunna ta tun da wuri, kuma ba ta aiki sai na'urar ta sami intanet. In aikin da aka fita dominsa ya ƙare, a share foldarsa daga tabulet bayan an tabbata asali yana kwamfuta. In za a kai ta gyara, a cire katin memori, a kwashe abin da ke kwasuwa, malami kuma ya tsaya a wurin in da hali.

Ya kamata a ajiye ɗan littafi a ofis, a riƙa rubuta rana, da sunan foldar da aka kwafa, da yawan fayiloli, da wanda ya yi aikin, da ranar da aka share. Ranar da wani malami zai karɓi aiki daga wani, a miƙa masa littafin nan tare da tabulet, da igiyarta mai alama, da filash biyu, a gaban hakimi, sa'an nan sabon malami ya sauya lambar sirri a ranar, ya rubuta ta cikin ambulan ya liƙe ya ba hakimi ya ajiye.